Mai Kunne da Lambar Fetur

Kullum kafin rana ta yi zafi, bakanike Mai Kunne ya riga ya buɗe gareji, ya zauna kan tsohuwar taya da doguwar sukundirebarsa. Da ita yake gane ciwon mota: ya ɗora bakinta kan inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Shekara talatin da takwas ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye ta, don kunnen ya gaji, sai an ɗaga murya yake ji.

Ni direba ne. Ban taɓa zama a aji ba, amma hatsari uku na fito da ƙafata, kuma ban ga wanda zai koya mini mota ba. Sai shi.

Motata ta ƙarshe, da na kama hawan tudu sai inji ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kanikawa biyu suka ce a sauke shi. A shekaruna, in aka sauke inji ni ma an sauke ni, sai zaman ƙofar gida.

Mai Kunne ya saurara, ya tambayi wane fetur nake sha. Na ce mai araha mana, fetur ai fetur ne. Ya buɗe murfin tanki ya nuna mini wata lamba a ciki.

"Tsoho, kullum kana buɗe murfin nan, ba ku taɓa gaisawa ba?"

Ya ce lambar da ke jikin famfon gidan mai ba ƙarfi take nufi ba, juriya ce: iya matsin da fetur zai ɗauka kafin ya kama wuta da kansa. Injina mai matsi ne sosai. In na ba shi ƙaramar lamba, sai man ya tashi ba a lokacinsa ba, ya doki fistin da ke cikin inji, ƙarar da nake ji ke nan. Wanda injinsa bai nemi babbar ba kuwa, in ya saya bai ƙaru da komai ba. Ya ɗauko fenti ya rubuta 95 ƙato a murfin. Daga tanki na gaba ƙarar ta ɗauke.

Kai ne ka sa har yau nake kan titi, Mai Kunne, ga shi kai za ka riga ni komawa gida.

Jiya na kai masa motar na tayar. Bai ji komai ba. Ya ɗora tafin hannu kan bonet, ya jima.

"Lafiyarta lau. Je ka."

Na gode, aboki, Allah ya huta gajiya. Ku masu riƙe da sufana, ku saurari inji kafin ku kwance shi.