Baba Hawis da kogin da bai koma ba

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Isiyaku, wanda mutanen unguwarmu, Sa'alaba a Jidda, ke kira Baba Hawis. Yawancinsu ba su san mafarin sunan ba. Hawis mashigar jiragen ruwa ce a jikin madatsar Jabal Auliya, a Sudan. Jirgi zai shiga tsakanin ƙofofi biyu, a rufe, a ɗaga ruwa ko a sauke shi har ya daidaita da na gaba, sannan a buɗe masa ya wuce. Aikin Baba ke nan tun yana saurayi.

Ya zo Hajji da Inna, ina goye, sai zama ya kama mu a Jidda. Mutumin da ya saba ɗaga jirgi da lodinsa ya koma ɗaukar garwa biyu yana sayar da ruwa gida-gida. Bai raina sana'ar ba, garin ya raina. Wai gari babu kogi, ina amfaninsa? In aka yi ruwan sama, dattijon nan zai tsuguna a lungu, ya gina hawis da taɓo, gwangwanin kifi ne jirginsa. Inna ta yi ta faɗa saboda rigarsa.

Wata shekara wani tsohon abokin aikinsa ya zo Hajji, ya ce gurbin Baba a hawis na nan in yana so. Baba ba shi da iƙama, takardar izinin zama. In ya fita, babu dawowa. Inna kuwa ta ce ba ta motsawa, ƙannena a nan aka haife su, ba su da takardar ko'ina.

Ya raka abokin har bakin teku. Na ga ya ɗauki ƙunshin kayansa, tsoro ya kama ni. Bayan la'asar sai ga shi da ƙunshin a hammata.

"Halas, magana ta ƙare," ya ce wa Inna. "Yalla, a ba ni abinci."

Yau an gina madatsu a bayan Jidda saboda ambaliya. Na san da ya gan su zai riƙe baki: madatsa ba kogi, ba jirgi, ba ko ƙofar wucewa? Can Jabal Auliya ma an ce motoci sun kwashe lodin, ba na jin akwai mai tuna sunansa. Abin da ya rage nasa mu ne, da jikokin da ke jin Hausa amma su amsa da Larabci.

Da ciwonsa ya yi nauyi, na tambaye shi ko ya yi nadama. Na so ya ce a'a.

"Na yi mana, ya binti, 'yata, kullum," ya ce. "Amma kogi ba ya kuka in ba ni. Ku kuwa za ku yi."