Lambar Sirri a Aljihun Kawu Alu

Labari ya karaɗe Barkiya har ya kai Kurfi cewa Batula ta bar jami'a ta buɗe wa shanun babanta makarantar boko. Wasu ma sun rantse sun ji wani bijimi yana ƙirge har goma. To jama'a, ƙarya ce tsagwaronta, kuma ni taubashinta na fi kowa sani, don rabin labarin daga bakina ya fito.

Batula 'yar Kawu Alu ce, tana shekarar ƙarshe a jami'a a Dutsin-Ma. Tun tana ƙarama ba ta iya zama wuri ɗaya, ko tuwo a tsaye take ci. Hutu ya same ta a gida, malamin da ke duba bincikenta ya ce ranar Alhamis yake son babi na biyu, da hujjoji daga sababbin mujallu, in ba haka ba sai baɗi.

Mujallun suna shafin laburaren jami'a. Daga gida ma ana shiga, sai dai duk shiga sai an turo lambar sirri ta waya, minti biyar ta mutu. Ita kuwa lokacin rajista ba ta da waya, lambar Kawu ta rubuta. Kawu kuma ya gwammace ya ba da hularsa da ya ba da wayar nan, don ta nan dillalai ke nemansa, ga shi da hantsi yakan kora garke daji.

Litinin ta kira shi ya karanto mata, ya ce shi dai ya ga ƙwayoyi a jere kamar tururuwa. Talata ta goya kwamfuta da zani ta bi shanu. Inda ciyawa take saƙon waya na shiga amma babu sabis ɗin intanet, inda sabis yake, kan wani tudu, babu ciyawa. Sai ta danna neman lamba a tudu, ta gangaro da gudu wurin Kawu.

"Baba, wayar!"

"Ke 'yar nan, kada ki firgita mini dabbobi."

Kafin ta koma sama lamba ta mutu. Sau bakwai ta yi, ni na ce saba'in. Laraba, hadari na haɗuwa, cajin kwamfuta saura kaɗan, ta durƙusa ta roƙe shi. Kawu ya yi tsaki, ya hau tudun da sandarsa da wayarsa ya tsaya mata kamar dogari, har ta sauke takardu goma sha ɗaya.

Da ta dawo, ƙafa duk ƙaya, na tare ta a zaure.

"Hajiya Farfesa, duk wannan wahala a kan takarda? Da kin yi magana ai da na rubuta miki."

Ko tsayawa ba ta yi ba.

"Kai Rabe? Kai da sunanka ma sai ka huta sau biyu kafin ka kai ƙarshensa. Matsa, ina da aiki."