Ɗaurin Da Na Yi Wa Saude

Ranar Talata ce, bayan girbi. Na sha koko ina gyara igiyar shanu. Matata Saude tana shanya barkono a tsakar gida. Shekararmu arba'in da ɗaya tare.

Ƙarfe tara ta ɗan gota muka ji rugugin babura daga yamma. Sai harbi, sau uku a rarrabe, sannan ya ɓarke.

Muka ji ana ihu daga waje, "Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

Ba mu kwanta ba. Muka bi ta bayan danga muka nufi gonar rake. Ashe ɓarayin shanu ne, kuma ta wannan lungun suka koro shanun ƙauye. Wani bijimi ya banke Saude, ya taka ta a gefen dama. Na ji ƙarar, kamar an karya busasshen kara.

Na ja ta cikin rake. Muna nan har azahar, tana cizon mayafinta don kada a ji nishinta. Da la'asar muka isa Kurmin Kogi a bayan a-kori-kura.

Washegari a asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinta. Likita ya nuna mini haƙarƙari huɗu sun karye, biyu sun goce sun hau juna. Ya ce waɗannan biyun sai an kai ta Zariya an yi mata aiki, in ba haka ba a karkace za su haɗe.

Na ƙi. Ni nake ɗorin awaki da maruƙa a ƙauyenmu. Na ce ƙashi ƙashi ne, ba za a tsaga mini mata ba. Na kai ta gidan ƙanena, na warware rawanina, na ɗaure ƙirjinta tamau yadda nake yi wa ƙafar maraƙi.

Ta ce, "Malam, ɗan sassauta, numfashi nake nema."

Na ce, "Daure dai, Saude, ɗori sai da matsi."

Kwana arba'in ina ƙara matsewa. Ban tuna cewa ƙafar maraƙi ba ta numfashi ba.

Tari ya kama ta, ga zazzaɓi. Da muka koma asibiti, likita ya daɗe yana kallon sabon hoton. Ƙashin ya haɗe a karkace, ya tokare huhu. Ya ce yanzu jikinta ba zai ɗauki aiki ba.

Damina biyu ta ƙara a duniya. A zaune take sallah, a zaune take barci. Ba ta taɓa ce mini kai ne ba.

Idan mutanen ƙauyenmu suna ƙirga waɗanda harin ya ci, bakwai suke cewa, har da Saude. Ni shida nake ƙirga wa ɓarayin.