Notin da Ya Sha Damina Biyu

Wata rana, ranar Juma'a ce wajen sha biyun rana, ina zaune a rumfar Sallau mai walda ina jiran ya liƙa min ƙafar kujera, sai ga wani mutum ya tsayar da tsohuwar mota, ya fito yana haki.

A bayan motar akwai irin ƙarfen nan na ɗaukar keke. Hannun ƙarfen a naɗe yake, notin da ke riƙe da shi tsatsa ta ci shi har ya yi ja.

Ya ce a kwance masa yanzu-yanzu.

Ni da bakina ba ya shiru, na tambaye shi saurin me yake yi haka.

Ashe mahaifinsa ne ƙafafu suka daina ɗaukarsa, sai da keken guragu. A da, duk Juma'a yakan ɗora keken a ƙarfen nan ya kai tsohon masallacin ƙauyensu, inda ya shekara talatin yana ladanci. Sai hannun ƙarfen ya maƙale.

Damina biyu tsohon yana cewa a kai gyara. Damina biyu ɗan yana cewa, "Sati mai zuwa, Baba."

To, da safen nan tsohon ya sa an sanya masa farar rigarsa, ya zauna a zaure. Hularsa na riƙe a hannu, yana jira.

Sallau ya sa sifana, ya gwada sau biyu, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan ba da ƙarfi ake yi masa ba. Man birki zan zuba, ya kwana yana sha, gobe da kansa zai saki."

"Malam, gobe Asabar ce."



Mutumin ya karɓi sifanar, ya zura mata dogon bututu, ya hau da dukkan nauyinsa. Sallau na cewa a hankali, a hankali, ina, bai ji ba.

Sai muka ji ƙas.

Kan ƙusar da notin ke ɗaure a jiki ya guntule, sauran ya zauna a ciki daram. Yanzu kuma sai an huda, aikin yini guda.

Na ce ya nemi a-kori-kura mana. Ya ruga tasha da ƙafa. Ko da ya isa, direbobi sun kulle motoci sun nufi masallaci, ƙauyen kuma tafiyar kusan awa ɗaya ce.

Ya dawo ya tsuguna a gindin motar, babban mutum da furfura a gemu, yana ta murza guntun ƙarfen nan a tafin hannu. Ya ce bai san da wane ido zai shiga zauren nan ba.

Ya bar ƙarfen a rumfar, ya ce lallai Juma'a mai zuwa.

Ranar Alhamis na koma ɗaukar kujerata. Na tarar da ƙarfen jingine da bango, an sa masa sabon noti, har fenti Sallau ya shafa masa. Na taɓa hannun, da yatsa ɗaya yake buɗewa.

Na ce ai gobe tsoho zai sha Juma'a a ƙauyensu.

Sallau bai ɗago kai ba. Ya ce ranar Talata aka yi jana'izarsa. Ɗan ya aiko cewa a bai wa duk mai buƙata, shi ba zai iya kallon ƙarfen ba.

Har yau abin na ci min rai, don ni ma ina da nawa "sati mai zuwa" da na yi wa mahaifiyata.

Darasi: Abin da iyayenka suka roƙe ka, yi shi tun yana kwancewa da hannu. Ranar da ka tashi yi da ƙarfi, ƙila ba su nan.

Tura wa wanda nasa tsohon ke zaure yana jira.