Ranar da Murhuna Ya Kusa Cin Aikin Inna Hajo

Har yau ban manta da safiyar da aka kira ni wata makarantar kwana ta 'yan mata a yankin Rabah ba. Lokacin ina sashen gyara na ma'aikatarmu mai kafa murhun tsimin itace, kuma ni na kafa nasu gab da damina. Ga wanda bai san shi ba, rufaffen murhu ne mai bututun hayaƙi, a wuyansa akwai wani faifai mai ramuka kamar saƙar zuma. Idan ya ɗauki zafi, shi ke ƙone hayaƙin kafin ya fita.

Na tarar kicin ya turnuƙe, kwana uku ɗalibai na shiga aji ba koko. Shugabar makarantar ta riga ta yanke hukunci, wai Inna Hajo, babbar mai girki, ta tsufa, ba ta iya kayan zamani ba, ranar Juma'a za a sallame ta. Matar da ta shekara ashirin tana tuƙa tuwo a wurin, ga marayun jikoki a Maikujera da ke ci daga hannunta.

Na hau rufi na kwance bututun. Kunkunniya ta daskare a ciki kamar kwalta, da ƙyar hannu ke shiga. Wannan na san aikin ɗanyen itace ne. Faifan ne ya ɗaure min kai, ramukansa duk sun toshe, yana warin roba. Na ce Inna ta hura wuta in gani. Ta jawo ɗanyen dogonyaro, ta ɗora leda da guntun tsohon silifas, ta ƙyasta ashana. Haka matan garuruwanmu ke yi idan itace ya jiƙe, har uwata.

Raina ya ɓaci, na hau ta da faɗa cewa roba ke kashe faifan. Ta bari na gama, sannan ta dube ni.

"Ɗan nan, mi nis sani? Rad da kunka kawo shi, ohis kunka shiga kunka yi bayani. Ni dai an ce min ga murhu."

Kunya ta rufe ni. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nata. Takardar bayanin ma da Turanci take, tana kwance a durowar shugaba.

Na kankare bututun, na sa sabon faifai, na zauna da Inna muka hura wuta da busasshen kara har ta gane ƙarar da murhun ke yi idan ya kama. Daga nan na shiga ofis na ce a rubuta cewa laifin nawa ne da na mai kawo itace. Shugaba ta ɓata fuska, amma ta yage takardar sallamar. Ni kuma aka ja min kunne a wurin aiki, kuma na cancanta.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, duk inda kuka je za a kai ku ofis a ba ku kujera. Ku zauna, amma kada ku tafi sai kun durƙusa gaban murhu tare da mai hura wutar. Idan kun yi kuskure, ita za a kora.