Wanda Ya Fi Girgiza

Mai shago tana cikin goge rimot-rimot na wasan gem na talabijin da tsumma, kamar kowace safiya, sai ga wani dattijo a gaban kanta. Rigarsa ta sha guga, amma maɓallin wuyanta a buɗe yake, hannunsa na dama kuma yana cikin aljihu.

Da hagu yake ɗaga guda biyu daga cikinsu, baƙi da fari. Baƙin mai faɗi ne, ya cika tafi, ga nauyi. Farin siriri ne mai santsi, maɓallansa a jere kamar haƙoran yaro. Da ya fito da hannun daman don ya gwada, yatsun suna rawa kamar ganye a kan ruwa. Ya waiga da sauri, goshinsa ya jiƙe. Ta raya a ranta bai je asibiti ba, sunan cutar yake tsoron ji.

"Baba, ɗauki farin, ya fi daɗin riƙo."

"'Yata, ba daɗi nake nema ba. Wanne ya fi girgiza in ana wasa?"

"Baƙin. Har kafaɗa za ka ji shi."

"To, shi za ki ba ni. Kullum da yamma muna bugawa da jikata, ta fara barin talabijin tana kallon hannuna. In ta tambaya, sai in ce rimot ne." Ya yi dariyar yaƙe. "Ni kaɗai na rage mata."

Ta sa masa a leda. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"In an kashe wasan fa?"

"Sai ya daina, Baba."

Ya mayar da hannun dama cikin aljihu. Sannan ya tura ƙofar da kafaɗa, ya fita.