Ɗalibina Baba Mai Allura

Duk wanda ya san kakana Malam Hassan, wanda garin nan ke kira Baba Mai Allura, ya san farar rigar nan ta ma'aikatan dabbobi da yake ɗorawa a kan babbar riga. Da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa ɗaurin aure, har masallacin Juma'a sai da liman ya yi masa magana. Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, in saniyar wani ta faɗi a hanya, gida zan koma in canza kaya?" Alhali a lokacin ya daɗe da yin ritaya.

Ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa shanu rigakafi daga Kazaure zuwa rugagen Roni da Gwiwa, amma bai taɓa riƙe difloma ba, kuma abin yana ci masa rai. Shi ya sa da kwaleji ta buɗe karatun ƙarshen mako na lafiyar dabbobi, ya je ya yi rajista bai gaya wa kowa ba. Sai gani muka yi ya sayo jakar goyo irin ta 'yan makaranta.

Karatu ya tafi lafiya har aka zo zangon da ake tura ɗalibai koyon aiki a wani asibitin dabbobi, inda mai kula da su zai ba su maki kamar kowane darasi. Baba ya ji labarin cewa wanda ya daɗe yana aikin ana iya lissafa masa shekarunsa a ɗauke masa wannan zangon, in ya kawo shaida. Ai kuwa ranar Litinin sai ga shi a ofishin shugaban sashe, tare da wani dattijon Ardo da ya ɗauko tun daga Gwiwa.

Shugaban ya ce, "Baba, takardar shaidar aiki muke nufi."

Baba ya ce, "Takarda tana magana ne? Ga mai baki na kawo. Ardo, gaya masa."

Ardo ya gyara sandarsa ya fara lissafo shanun da Baba ya yi wa allura, kowace da sunanta da na uwarta. Bai kai rabi ba Baba ya naɗe ƙafar wando ya nuna tabon ƙahon wani bijimi a cinyarsa, ya ce wannan shi ne hatimi. Shugaban, mutum mai haƙuri, ya sa aka nemo takardunsa a tsohon wurin aikinsa, kwamiti ya zauna, aka amince. Shugaban ya kira shi ya ce, "Albishirinka, Baba, an yarda da ƙwarewarka, an yafe maka koyon aikin."

Baba ya ɓata fuska. "Yafewa? Laifin me na yi? Ni na zo ne ku yarda na iya, kuma kun yarda. Yanzu a tura ni inda ake tura 'yan ajinmu."

Suka tura shi asibitin dabbobi na Babura. Wadda ke kula da ɗalibai a can kuwa ni ce, jikarsa Rabi, wadda tun ina goye yake kira Amarya.

Ranar farko na tarar ya share harabar asibitin tas. Yana ganina ya rusuna ya ce, "Ranki ya daɗe, Malama, barka da asuba." Na ce, "Baba, don Allah ka tashi, mutane suna kallo." Ya ce, "A nan babu Baba. Ɗalibi Hassan." Da yamma muna komawa gidana, inda ya sauka, ya miƙe a tabarma ya ce, "Amarya, ruwan alwala. Kuma tuwon jiya ya yi ruwa, a gyara."

Rigimarmu ta farko a kan allura ce. Yana da wata tsohuwar sirinji ta ƙarfe da yake tafasawa a gwangwanin madara, ita yake so ya bi garke guda da ita. Na ce yanzu kowace dabba da sabon tsinkenta, don kada a kwashi cuta daga wannan a kai wa waccan. Ya ce, "Malama, wannan allurar ta girmi mahaifiyarki." Na ce, "Shi ya sa ita ma za ta yi ritaya." Na karɓe ta na kulle a durowa. Ya bi umarni, amma duk tsinken da ya jefa a kwandon shara sai ya bi shi da kallo ya ce, "Allah ya isa, ko tsufa bai yi ba."

Ta biyu ta fi muni. Mun fita rigakafi wata ruga kusa da iyakar ƙasa, rana ta take, na buɗe kular da muke sanya magani cikin ƙanƙara, sai na ga goran fura zaune a tsakiya, kwalaben magani an ture su gefe inda babu sanyi. Dole muka fasa aikin ranar, makiyaya suka mayar da shanunsu. Na yi masa faɗa a gaban sauran ɗalibai. Ya sunkuyar da kai har na gama. Washegari shi ya bi rugar gida-gida da Fulatancinsa yana ba da haƙuri, har suka sake tara shanun. A hanyar dawowa ya ce, "Na yi kuskure, Malama. Amma a faɗi gaskiya, furar ta yi sanyi."

Da zango ya ƙare na ba shi B. Sauran aikinsa duk na A ne, furar ce ta ja masa. Baba ya hau motar Kazaure ya kai ƙarata wurin mahaifiyata, ya kai wurin kakata, ya aiko mini da saƙo ta bakin direba cewa ya sake ni saki uku. Da ya dawo ya daina cin tuwona, sai dai in an ce na maƙwabta ne. Daga baya mai shayin bakin tasha ya ba ni labarin abin da yake faɗa a majalisa: "Ku kai dabbobinku Babura. Yarinyar can ko ni ba ta ɗaga wa ƙafa ba."

Ya karɓi diflomarsa, ya sa aka yi mata gilashi. Bai nemi aiki da ita ba, bai ma yi niyya ba.

A damina ta gaba ciwo ya kwantar da shi. Ina zaune a gefen gadonsa a asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta shigo da allura. Sai na ga Baba yana matsawa jikin bango yana jan zani. Ashe mutumin da ya huda shanun ƙasar nan kaf bai taɓa yarda an yi masa allura ba tun da ya yi wayo. Ya ce, "'Yata, babu na haɗiya?" Ta ce babu. Ya daɗe yana kallon tsinken, sannan ya miƙo mini hannu ya ce a hankali, "Amarya, riƙe ni." Na riƙe shi, ya runtse ido kamar yaro. Da aka gama ya ce, "Ashe haka suke ji. Allah ya sa shanun nan su yafe mini." Muka yi dariya har da ma'aikaciyar, amma bai saki hannuna ba, ni ma ban janye ba. Bayan kwana kaɗan ya cika.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa, ya karɓi wahalar da ya sha a kan dabbobin bayin Allah. Ya sa hannun da na riƙe ran nan in sake riƙe shi a Aljanna. Amin.